Sigina ta Biyu

Da hantsi Uwar Kaji, mai gonar kajin da ke amfani da kayan kamfanin, ta hawo benen ofishin tana haki, da kiret ɗin ƙwai a hannu. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ratsa teburorin ma'aikata, ta tura ƙofar Manaja da ƙafa, ta dire kiret ɗin a kan takardunsa. Sannan ta ɗauki ƙwai guda ta fasa a bakin kofin shayinsa. Ɗan tsako ne a ciki, har ya yi gashi, ya dunƙule kamar mai jin sanyi, ba ya motsi.

"Saura ƙiris su fito," in ji ta. "Ɗaki guda cur. In kana so ka fasa sauran da hannunka, ga su nan na kawo maka."

Ƙofar a buɗe take, don haka duk ofishin ya ji. Malama Shiru ma ta ji, daga kusurwarta ta jikin taga inda take zama a bayan allon kwamfuta kamar mai ɓuya. Abokan aiki ne suka laƙaba mata sunan tun makonta na farko, don takan wuni ba ta ce uffan ba in ban da amsa gaisuwa. Ba ta kalli ƙofar ba. Kawu ta kalla, a teburin da ke daura da nata, ta ga ya cire tabarau ya ajiye, ya rufe fuska da tafin hannu biyu.

Kamfanin ƙarami ne, sana'arsa ɗaya. Yana haɗa wasu akwatuna da ake maƙalawa a bangon ɗakin ƙyanƙyasa. A cikin kowane akwati akwai 'yar kwamfuta da manhajar da ke gadin ɗumin ɗakin. Idan aka ɗauke wuta, batir yakan aika wa manhajar sigina, ita kuma ta tayar da janareto, ta tura saƙo zuwa wayar mai gona. Kawu ne ya rubuta manhajar, tun Malama Shiru tana 'yar firamare. Ba kawun kowa ba ne a wurin, amma har mai shara haka take kiransa. Idanunsa sun yi rauni, haruffan allonsa manya-manya ne, daga bakin ƙofa ma ana karanta su. Tun da matarsa ta rasu shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi, kuma kowa ya san ba yawan aiki ke zaunar da shi ba.

Shi ne dalilin zamanta a wannan kusurwar. Ranar da ta zo neman aiki, Manaja ya jero mata tambayoyi, harshenta ya ƙi tashi, ta zauna tana murza gefen mayafi. Kawu ne ya turo mata kwamfuta ya ce a bar ta ta rubuta, ai ba mai shela ake nema ba.

Manaja ya rako Uwar Kaji har tsakiyar ofis yana ba ta baki. Ya ce gobe da safe za a zauna, ita ma ta zo, yana so ya ji abin da ya faru da wanda ya jawo. Ya umarci Malama Shiru da Dogo, abokin aikinta mai yawan surutu, su bi ta gona su ɗauko akwatin. Sai ya juya.

"Kawu, kai ka huta. Kada ka taɓa komai."

Ya daɗe yana maganar sabon jini a ofishin, a gaban Kawu da bayan idonsa. Yadda ya ce "ka huta" ɗin ne ya sa Malama Shiru ta gane inda aka dosa.

Ɗakin ƙyanƙyasar dogo ne, ba taga, tire-tiren ƙwai a jere tun daga ƙasa har sama. Ɗumi ya dawo, janareto na ta rugugi a waje, amma ihu ne bayan hari. Akwatin na maƙale a bango, 'yar fitilarsa koriya tana ci kamar ba abin da ya faru. Uwar Kaji ta miƙa mata waya ta nuna saƙo guda.

"Kin gani? Da yamma aka ɗauke, janareto ya tashi, saƙo ya shigo. Can aka dawo da ita, na rufe na tafi gida hankalina kwance. Ashe bayan tafiyata an sake ɗaukewa. Na biyun nan ko tari akwatinku bai yi ba."

Malama Shiru ta so ta ce Allah ya mayar da alheri. Ta shirya maganar a bakinta, amma kafin ta fito matar ta juya tana faɗa da mai ba kaji abinci.

A ofis suka ɗora akwatin a teburin gwaji, inda wata jar fitila ke tsayawa a madadin janareto. Dogo ya kunna shi, ya jira ya gama farkawa, ya zare filogi. Jar fitila ta kama.

"To ga shi nan lafiya lau," in ji shi. "Ni dai na ce matar nan ta manta ba ta zuba mai ba, tana neman wanda za ta rataya wa."

Ya mayar da filogin, ya kai hannu zai kashe akwatin ya sake kunnawa. Haka ake yi a ofishin tun fil azal: a zare filogi, a ga fitila ta kama, a kashe akwati a kunna don ya koma sabo fil, a manna masa alamar ya wuce. Ba wanda ya san mafarin al'adar. Ita da Dogo haka suka gwada duk sabbin akwatunan da Manaja ya sayo bara, ƙanana masu araha, lokacin da aka ce su kwashe manhajar Kawu daga tsofaffin su zuba a cikinsu.

Ta riƙe hannun rigarsa.

"Ikon Allah, yau Malama Shiru ta taɓa mutum. Me kuma?"

"Kada ka kashe. Sake zarewa."

Ya ɗaga kafaɗa ya sake zare filogin. Suka zuba wa jar fitila ido. Ba ta kama ba. A allon da ke haɗe da akwatin, jerin lambobin ɗumi da ke ta gangarowa ya tsaya cak. Manhajar ta mutu, ba kuka ba sallama, koriyar fitilar kuwa tana nan tana ci, don ita ba ruwanta da manhaja, batir kawai ta sani.

Dogo bai yi wasa ba a wannan karon. Ya jawo kujera ya zauna.

Ba ta daɗe tana nema ba. Layi ɗaya ne, can kusa da farkon rubutun, inda Kawu ya gaya wa tsarin kwamfutar abin da za a yi idan siginar ɗaukewar wuta ta iso. Ya yi amfani da tsohon umarnin nan da ake kira signal. Ta san labarinsa tun daga jami'a, a shafin da kowa ke tsallakewa don ba a cika tambayarsa a jarrabawa ba. Umarnin ɗaya ne, amma hali biyu gare shi, ya danganta da gidan da ya tsinci kansa.

"Yi min da Hausa," in ji Dogo.

"Kamar ka ɗauki mai gadi ne ka ce idan an ƙwanƙwasa ya buɗe." Da Dogo kaɗai, muryarta takan fito. "A wasu tsare-tsaren, in ya buɗe sai ya koma ya zauna a kujerarsa, ko sau nawa aka ƙwanƙwasa yana nan. A wasu kuma, da zarar ya buɗe sau ɗaya ya gama aikinsa, sai ya naɗe tabarma ya tafi. In ba a sake ɗaukarsa ba, ƙofa ba kowa."

"In kuma aka sake ƙwanƙwasawa?"

"Sai tsarin ya yi abin da ya saba yi wa wannan siginar in ba mai karɓa. Ya kashe manhajar."

Tsofaffin akwatunan irin na farko ne, mai gadinsu ba ya tashi. Sabbin, yadda aka harhaɗa manhajar a kansu, irin na biyu ne. Akwai wani umarnin, sigaction, da aka fito da shi don a daina wannan canki-canka. Da shi sai ka faɗi komai da bakinka: mai gadi ya zauna ko ya tafi, waɗanne siginoni za su jira a waje yayin da yake aiki, aikin da aka katse ya ci gaba ko ya tsaya. Gyaran duka bai wuce 'yan layuka ba. Abin da ya fi ci mata rai ke nan.

"Wato kashewa da kunnawar da muke yi," in ji Dogo a hankali, "kullum sabon mai gadi muke ɗauka."

Ta gyaɗa kai.

"Malama Shiru, matata cikin wata takwas gare ta. Kin dai ji."

Ta gane nufinsa: kada sunansa ya fito a zaman gobe.

Da azahar ta sami Kawu a baranda yana ɓare lemo da 'yar wuƙarsa. Ta kawo masa layin a waya, ta faɗaɗa haruffan. Ya kusanto da ita har tana taɓa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ni na rubuta wannan," ya ce. "Ranar ma ina tunawa, ruwa ake yi, rufin nan na yoyo."

"Kawu, a tsohon akwati daidai yake. Shekara da shekaru bai taɓa faɗuwa ba. Mu ne muka sauya masa gida, kuma ba mu..."

"Na san da sigaction a lokacin. Na ga wannan ya fi gajarta, kuma yana aiki, na ce gobe na gyara." Ya miƙa mata rabin lemon. "Goben ce ta zo jiya."

"Zan faɗa musu gwajinmu ne."

"Ki faɗi yadda abin yake, 'yata. Kada ki rage, kada ki ƙara. Akwai akwatunan nan a gonakin mutane da yawa, su ma ƙwansu na kwance."

A gida ta tarar da Umma a kan keken ɗinki, bakinta cike da allurai, tana haɗa hannun wata riga. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar keken ta ba ta labarin, da mai gadin da komai. Umma ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya ta soka a matashi.

"To laifin wa ke nan?"

"Ban sani ba, Umma. Shi ya rubuta, mu muka kwashe, Manaja ya sayo."

"Auta, wannan amsar a nan ɗakin kaɗai za ta ci. Mutumin da aka fasa wa ƙwai a shayi suna ɗaya yake nema." Ta juya rigar. "Kuma ke da in baƙo ya zo sai ki shige bayan labule, ke ce za ki tsaya gaban mutane ki yi lauya?"

"Zan rubuta in karanta."

"Allah ya ba da sa'a. Tashi ki ci abinci, kin yi zuru-zuru kamar ke ce kika kwana a kan ƙwan."

Ta rubuta ɗin. Ta tsara shi yadda sauya akwati zai zo farko, gwaji ya biyo, layin Kawu ya zo ƙarshe, ƙarami, a inda ya dace da shi. Ta karanta wa madubi har sai da yayarta ta leƙo ta tambaya ko wasan kwaikwayo aka sa ta.

Ɗakin taron matsattse ne, fanka na juyawa tana kaɗa labule. Manaja a kujerar kan gaba, Uwar Kaji a damansa da jaka a cinya, Dogo ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Kawu ya sa rigarsa mai kyau, wadda yake sawa idan za a karɓi baƙi.

Malama Shiru ta miƙe. Ta fara da kwatancen mai gadi, don ta ga ya shiga kan Dogo jiya. Muryarta ta fito siririya, fanka na cinye rabinta.

"Ɗaga murya, 'yar nan," in ji Uwar Kaji. "Wane mai gadi? Ni mai gadina yana nan, bai je ko'ina ba, kada a sa shi a ciki."

"A'a, ba naki ba. A cikin manhajar ne. Akwai hanya biyu da ake..."

"A taƙaice," in ji Manaja. "Akwai wurin da matsalar take?"

"Akwai layi ɗaya, Yallaɓai, amma layin..."

"Akwai hanyar da ta fi wannan, wadda da an bi ta da hakan bai faru ba?"

"Akwai. Sigaction. Amma a tsofaffin akwatunan..."

"Tana nan a lokacin da aka rubuta manhajar, ko daga baya ta fito?"

Ta kalli takardarta. Amsar ba ta cikin tsarin da ta yi.

"Tana nan."

"Wa ya rubuta layin?"

Kawu ne ya ɗaga hannu kaɗan, kamar ɗalibi a aji.

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi magana ba a ba ta dama ba. Ta ce layin ya yi shekaru yana aiki, sauya akwati ne ya sauya masa hali. Ta ce ita da Dogo ne suka gwada, kuma sau ɗaya suka zare filogi, da sun zare sau biyu da sun gani. Kalmomin suka fito a cukurkuɗe, wasu na hawa kan wasu. Ta waiwayi Dogo. Yana duban igiyar takalminsa kamar yau ya fara ganinta.

"Kun bi ƙa'idar gwaji ta ofis?" in ji Manaja.

"Mun bi, amma ƙa'idar ce..."

"To kun yi aikinku. Ba za a kama yara da laifin bin ƙa'ida ba." Ya yi mata murmushi, irin na wanda ya yi maka alheri. "Kin yi ƙoƙari ƙwarai. Cikin wuni ɗaya kin gano abin da ya shekara goma sha wani abu yana kwance."

A nan ta gane cewa duk abin da ta tono, ita ta wanke shi ta miƙa masa a faranti. Da ta ce ba ta gano komai ba, da watakila an ɗora wa batir ko janareto. Faɗuwa ta zo wa Manaja daidai da zama, kuma ita ce ta share wurin. Maganar akwatuna masu araha ba wanda ya sake tayar da ita. Ta buɗe baki za ta tayar, ta ga ya riga ya juya yana gaya wa Uwar Kaji matakin da kamfani zai ɗauka a kan Kawu don kada a sake.

Uwar Kaji ta dubi Kawu, ta dubi rigarsa mai kyau, fuskarta ta ɗan saki.

"Ni fa ban ce a kori kowa ba. Kukan 'yan tsakina nake."

"Ba kora ba ce," in ji Manaja. "Hutu ne. Ya ma daɗe da cancanta."

Bayan taron aka ce ta gyara layin nan take, a aika wa duk gonakin kafin yamma. Ta zauna ta cire signal ta sa sigaction, ta rubuta a fili cewa mai karɓar sigina ya zauna daram, aikin da aka katse ya ci gaba. Ta kai akwatin teburin gwaji ta zare filogi, ta mayar, ta zare, ta mayar, har Dogo ya ce a hankali ai ya isa haka. Kowane karo jar fitila na kamawa. Ba ta ji daɗin ko ɗaya ba.

A gefenta Kawu na zuba kayansa a kwali: kofi, 'yar rediyo, hoton matarsa, wasu tsofaffin littattafai da bayansu ya ɓare. Ya leƙo allonta ya ce ta ƙara girman haruffan. Ya karanta gyaran tun daga sama har ƙasa, leɓɓansa na motsi.

"Ya yi kyau," ya ce. "Ki gaya musu su riƙa zarewa sau biyu."

Ta tashi ta nufi ofishin Manaja. Ba ta san me za ta ce ba, ta dai san ba ta gama ba. Yana kan waya yana dariya da wani. Ya ɗaga mata yatsa alamar ta jira. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannayenta a haɗe. Wayar ta ƙi ƙarewa. Da ya gama wannan, wata ta shigo, ya sake ɗaga yatsan.

"'Yata," in ji Kawu daga bayanta. Kwalin ya cika masa hannu biyu, ya tokare shi da haɓa. "Zo ki riƙe min ƙofar bene, iska na mayar da ita."

Ta dubi Manaja, ta dubi Kawu. Ta je ta riƙe ƙofar. Ya wuce ta gefenta ya fara sauka a hankali, yana laluben kowace matakala da ƙafa saboda kwalin ya tare masa gani. Tana nan riƙe da ƙofar har ta daina jin takunsa.